Gidan Bashi Da Kuɗin Tallafi: Nasiha Ga 'Yan'uwanmu Na Ingila

Tambayar da ke ta yawo a tsakanin samarinmu da suka ƙetara Ingila ita ce: mai karɓar tallafin gwamnati, banki zai ba shi bashin sayen gida? Amsa a taƙaice, doka ba ta hana ba. Wasu bankunan ma sukan lissafa kuɗin yara da na naƙasa cikin abin da mutum ke samu. To amma a tsaya a dubi yadda aka ɗana tarkon.

Da farko, wanda ya shiga da bizar karatu ko ta aiki galibi ba shi da haƙƙin wannan tallafi sam. Masu mafarkin tafiya su riƙe wannan.

Shi kuwa mai izinin zama da ke karɓar tallafin Universal Credit, wanda aka soma a 2013, idan ajiyarsa ta wuce fam 6,000 za a fara zaftare masa, idan ta haura fam 16,000 a yanke gaba ɗaya. Banki kuma yana son kafin alƙalami, kashi biyar ko goma cikin ɗari. Gidan fam 200,000, kashi goma fam 20,000 ke nan. Ashe kafin bawan Allah ya tara abin da banki ke nema, gwamnati ta riga ta janye hannunta.

A nan Shaiɗan ke samun ƙofa. Sai ka ji ana ba da shawara wai a ɓoye kuɗin a asusun ƙani ko aboki, ko a turo gida a ajiye, sannan a cika takarda a ce babu. 'Yan'uwa, wannan ƙarya ce da ha'inci, kuma kasancewar gwamnatin ba ta Musulmi ba ce bai halatta su ba. Wanda ya sa hannu a takarda ya ɗauki alƙawari. In asiri ya tonu kuma, za a karɓe kuɗin, wataƙila har da kotu.

Sai uwa uba, riba. Ka ranci fam 180,000 a kan ruwa biyar cikin ɗari na shekara 25, abin da za ka biya ya haura fam 315,000. Ruwan kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya: a 2021 Babban Bankin Ingila yana kan 0.1, zuwa Agustan 2023 ya kai 5.25. Idan aiki ya ƙwace fa? Tallafin da ke biya wa ɗan haya kuɗin haya ba ya biya wa mai gida bashinsa. Akwai ɗan agajin biyan ruwa, amma tun Afrilun 2018 aka mayar da shi rance, shi ma da nasa ruwan, a cire ranar da aka sayar da gidan. Bashi a kan bashi ke nan. Kowa ya je ya sake karanta ƙarshen Suratul Baƙara.

Na san za a kawo mini fatawar Majalisar Fatawa ta Turai ta 1999, wadda ta yi rangwame saboda buƙata. Ta sa sharuɗɗa: gidan zama ne, ba ka da wani, kuma babu hanyar halal. Malamai da dama ba su yarda da ita ba tun a lokacin. Bayanta kuma, a 2003 Ingila ta gyara dokar haraji don cinikin gida na Musulunci, a 2004 aka buɗe bankin Musulunci a can. A tsarin musharaka kai da banki kuke sayen gidan tare, kana biyan hayar kasonsa kana saye shi kaɗan-kaɗan. Ba zan ɓoye ba, sau da yawa ya fi tsada, kuma su ma sai sun ga albashi.

Ra'ayina, mai iyali da ke dogaro da tallafi ya zauna a hayarsa ba tare da jin kunya ba, ya nemi aikin da zai raba shi da tallafin tukuna. In ya tashi saye, ya kai takardar yarjejeniyar gaban malamin da ya san fiƙihun ciniki da kuma lauya, su karanta ta kafin ya sa hannu.