Daga Kilomita Biyar: Wane Gida Fim Yake Nuna wa 'Ya'yanmu?

Yau za mu ajiye maganar kuɗin kwastan da tsadar motar Duwala, mu shiga falo mu yi hirar kallo. Kada wani ya ce ai wannan zancen mata da yara ne. Mu nawa ne muke rufe shago da wuri ranar da za a saki sabon Labarina?

Yawancin 'ya'yanmu a nan aka haife su. Sango suke yi a layi, Faransanci a makarantar boko, Larabci a makarantar allo. Hausa kuwa sai a tsakar gida, in an yi sa'a. Da yawansu ba su taɓa taka Kano ko Katsina ko Maraɗi ba. Idan muka ce musu “gida”, hoton da ke zuwa musu a rai shi ne wanda suka gani a talabijin ko a wayar uwarsu. Ke nan fim ya zama malami a gidajenmu, ko mun ɗauke shi aiki ko ba mu ɗauke shi ba. Tunda haka ne, ya kamata mu san wa muke bari ya shigo.

Ni dai a nawa ganin, Daɗin Kowa ne a gaba. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ita ta kawo shi, kuma abin da ya sa nake son sa shi ne gari ne sosai aka nuna: ga almajirai, ga mai unguwa, ga 'yan shaye-shaye, ga waɗanda rikici ya koro, ga Musulmi da Kirista suna maƙwabtaka. Rigimar Kamaye da Adama kaɗai ta ishi yaro ya koyi yadda Bahaushe yake gatse da habaici. Mu kuma da muka ga abin da ya faru a garin nan daga Disambar 2013, lokacin da Kilomita Biyar ta zama mafakar Musulmin da suka rage, 'yan uwa da yawa kuma suka bi manyan motoci zuwa Chadi da Kamaru, ba ma buƙatar a fassara mana labarin ɗan gudun hijira. Idan aka nuna shi, falon kan yi tsit.

Na biyu a wurina Kwana Casa'in, wanda ya fara a 2019. Jihar Alfawa ƙirƙira ce, amma Gwamna Bawa Maikada, wanda Sani Mu'azu ya fito a matsayinsa, duk wanda ya zauna a Afirka ya san irinsa. Wannan na manya ne da samari. Nakan so ɗana babba ya kalla, don ya ga yadda ake sayen bakin mutane da yadda ɗan jarida yake shan wuya a kan gaskiya. Sai dai ƙananan yara ba abin da suke ɗauka a ciki, barci suke yi.

Labarina na Aminu Saira, wanda ya fara a 2020, shi ne ya fi kowanne kama zuciyar gidana. Hoto tas, sauti tas, kuma Rabi'u Rikadawa a matsayin Baba Ɗan Audu ya nuna irin uban da Allah ya raba mu da zama irinsa. Amma ina da ƙorafi. Ana jan magana kamar ƙosai a hannun marowaci. Abin da za a gama a zama ɗaya sai a kai shi wata guda, mu kuma nan kowane minti kuɗin data ne, da sefa muke biya. Haka Izzar So na Lawan Ahmad: darasinsa a kan girman kai da riƙon amana mai kyau ne, Umar Hashim yaro ne da kowane uba zai so, amma wa'azin yakan yi yawa har ka manta fim kake kallo. Gidan Badamasi kuwa dariya ce zalla, kuma duk ɗan kasuwar da ya tara 'ya'ya a garuruwa uku bai rubuta wasiyya ba, to ya kalla, da shi ake.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Da yawa daga cikin finafinan yanzu, daga falo mai kujerun alfarma sai mota mai sanyi, sai ofis da ba a san me ake sayarwa a ciki ba. Kowa Alhaji ne, ba ka ganin inda ya yi gumi. Wata 'yata ta taɓa tambayata, “Baba, tunda kowa a Kano yana da bene, me muke yi a nan?” Tambayar yarinya ce, amma ba ta wasa ba ce. Yaron da ya tashi da wannan hoto zai raina shagon da ke ciyar da shi, ranar da kuma ya je gida ya ga 'yan uwansa a gidan ƙasa, su ma zai raina su. Ina Kantin Kwari? Ina Kurmi da Dawanau? Ina ɗan dako da mai shayi da dillalin shanu? Waɗannan su ne Kanon da ta haifi iyayenmu.

Finafinan Indiya masu fassarar Hausa kuwa, ban hana ba, ana dariya, amma wani lokacin bakin masu fassarar na 'yan tasha ne, yara kuma abin da suke fara hardacewa ke nan. Su kuwa dogayen finafinan soyayya na ƙasashen waje da ake juyawa zuwa Faransanci a tauraron ɗan adam, a gidana sai yara sun kwanta, in ma za a kalla.

Shawarata guda uku ce. Ta farko, a yi kallo tare. Wayar da kowa zai shige ɗaki da ita ya toshe kunne ta fi mugun fim illa. Ko wuta ta ɗauke, a jingina waya ɗaya a jikin tulu a zauna a tabarma. Ta biyu, in an ji karin magana ko wata kalma da yara ba su gane ba, a tsayar a bayyana musu, ko da Sango ne. Ta uku, in ka aiki yaro wurin masu tura fim a waya, ka faɗa masa sunan abin da zai karɓo, kada ka bar wa mai shago zaɓi.

Ga 'yan Kannywood kuma, in wannan rubutu ya isa gare ku: akwai Hausawa a Bangui, da Yawunde, da Kumasi, da Abijan, kuma muna kallonku. Har yau ban ga shiri mai dogon zango a kan bafatake ba, mutumin da ke da gida biyu, da 'ya'yan da ke amsa masa da wani yare. A unguwarmu Fafaroma Francis ya shigo babban masallaci ranar 30 ga Nuwamban 2015, lokacin da shiga da fita unguwar ma sai da shahada. In labari kuke nema, ku zo, akwai masauki.

Ku kuma masu karatu, wane shiri ne ake rigimar rimot a kansa a gidanku? Ku rubuto mu ji. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba da kasuwa mai albarka. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.