Tsohon Doki Sai Mai Sani

A 'yan shekarun nan sha'awar tsofaffin babura ta yawaita a ƙasashen duniya, musamman irin waɗanda aka ƙera a Ingila daga 1945 zuwa wajen 1975, kamar su BSA da Norton da Triumph. Mutum yakan samo ɗaya a bayan ɗaki, duk ya yi tsatsa, ya yi ta kashe masa kuɗi har ya tashi. Wannan abu ne mai kyau, ba mu kushe shi ba. Abin da ya sa muka ga ya kamata mu ja hankalin masu karatu shi ne, da zarar babur ya tashi, sai ka ji mai shi yana tambayar makanike yadda za a ƙara masa gudu. A ganinmu wannan ita ce tambayar da ta cancanci ta zo daga ƙarshe, kuma tarihin baburan nan da kansa shi ne shaidarmu.

Mu fara da tseren tsibirin Man, wanda aka soma a 1907, inda zagaye ɗaya ya kusa mil 38, duk kwana da hawa da gangara. A 1950 kamfanin Norton ya shigo da injinsa mai silinda ɗaya, wanda ƙirarsa ta riga ta tsufa, amma ya ɗora shi bisa sabon firam da wani gwani mutumin Belfast, Rex McCandless, ya tsara. Ƙarafan firam ɗin an yi musu walda sun zama ƙwarya ɗaya, ba ya murɗewa a kwana, ƙafar baya kuma tana lilo bisa shakazoba. Saboda laushinsa har aka yi masa laƙabi da Featherbed, watau gadon gashin tsuntsu. A wannan shekara Norton ya ci na ɗaya da na biyu da na uku a manyan tsere biyu na tsibirin. A 1951 kuwa Geoff Duke ya zama zakaran duniya a kansa, alhali baburan Gilera na Italiya masu silinda huɗu sun fi nasa ƙarfin inji. Ashe dokin da ke jin linzami yakan riga ingarma mai taurin baki isa.

Samarin Landan ma sun gane haka. Triumph ya fito da Bonneville a 1959, mai silinda biyu da kafireta biyu, inji mai zafin nama ƙwarai. Duk da haka masu neman cika mil 100 a sa'a sukan cire injin su dasa shi cikin firam ɗin Norton, suka sa wa wannan haɗi suna Triton. Ba wanda zai sha wannan wahala in da ƙarfin inji kaɗai ya wadatar.

Sa'an nan ga misalin abin da kwaɗayin gudu ke jawowa. A 1972 Norton ya fitar da wani inji mai suna Combat, aka ƙara matsin silindarsa ya kai 10 bisa 1, aka faɗaɗa kafireta. Babur ya yi gudu, ba shakka, amma boris ɗin da ke ɗauke da karanshaf ya riƙa mutuwa tun babur yana sabo, kamfani ya sha asara da zubewar suna. A 1973 sai aka ƙara girman injin, aka rage matsin. To, in injiniyoyin da suka ƙera abu sun ƙone hannu wajen matsa masa, ina ga wanda ya same shi bayan shekara 50?

Akwai kuma wani lissafi da kowane malamin makaranta zai iya tabbatarwa a kan allo. In gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke bukata kafin a tsaya yakan ninka huɗu. Galibin baburan nan birkinsu irin na da ne, wanda ke rufe cikin ƙafa, in ya yi zafi a doguwar gangara sai kamunsa ya ragu. Birkin faifai bai bazu ba sai bayan da Honda ya fito da CB750 a 1969. Bugu da ƙari, a yawancin baburan Ingila na kafin 1975 giya tana ƙafar dama, birkin baya yana hagu, saɓanin na yau. Wanda ya saba da sabon babur, ranar da akuya ta gilma masa, ƙafarsa tana iya taka giya a maimakon birki.

Saboda haka ga tsarin da muke ba da shawara a bi. A fara da taya, gama roba takan bushe da shekaru ko da zanenta bai goge ba. A duba birki da wayoyinsa, da boris na wuya da na ƙafafu, da shakazoba, da sarƙa. Bayan waɗannan sai a zo kan inji, a maido da saitin wuta da tazarar bawul da kafireta daidai yadda littafin kamfani ya faɗa. Fulogi shi ne madubin inji: in bakinsa ya yi ƙasa-ƙasa, lafiya lau, in ya yi baƙi, mai ya yi yawa, in ya yi fari, mai ya gaza, kuma zafin da ke biyo baya yana iya huda fistin. Masu fasa salansa don ƙara su sani amo suka saya, sau da yawa kuwa tare da wannan cuta. A ƙasa irin tamu mai ƙurar hunturu, cire matatar iska daidai yake da zuba wa inji yashi.

Man da aka ƙera injunan nan dominsa ma ya sake. Fetur mai dalma, wanda ke kare mazaunin bawul, an daina sayar da shi ga motoci a duniya duka a 2021, Aljeriya ce ta ƙarshe. A shekarar kuma Biritaniya ta koma ga fetur mai etanol har kashi 10 cikin 100, wanda ke janyo ruwa cikin tanki, yana cin tsohuwar roba. Tsohon inji yana bukatar lallashi fiye da da.

Wasu za su ce muna so a mai da babur kayan ado na falo. Ko kaɗan. An yi babur don a hau ne, kuma gyaran da ke ƙara lafiya, kamar sabuwar taya ta zamani, ko birki mai kyakkyawan kamu, ko fitila mai haske, muna maraba da shi. Wanda kuma jininsa ke son tsere, akwai filayen da aka keɓe dominsa, inda ba yara, ba dabbobi. Abin da muke ƙi shi ne a sa wa firam da birkin 1955 ƙarfin da ba a yi su dominsa ba, a fito da su hanyar da 'yan makaranta ke tsallakawa.

Muna roƙon akawuna da malamai, waɗanda ake jin maganarsu a gari, su riƙa faɗakar da matasa da makanikai. Sabon babur in ya lalace akwai irinsa a kanti. BSA kuwa tsohon kamfaninsa ya durƙushe tun 1973, duk wanda aka farfasa ya tafi ke nan, mahayinsa ma ba shi da safaya. Allah ya kiyashe mu da mugun ji da mugun gani, amin.