Ra'ayi: Kafin a sayi ƙaramar katafila don haƙa wurin ninkaya, a fara auna ƙofar gida

Wurin ninkaya ya daina zama kayan manyan otal-otal kaɗai. A Abuja da Kano da Kaduna, masu gidajen saukar baƙi da wuraren biki da wasu masu hannu da shuni suna neman a haƙa musu a bayan gida, kuma 'yan kwangila sun ga kasuwa. Da yawansu idonsu na kan wata ƙaramar katafila mai bokiti a gaba, wadda ke tafiya a kan sarƙar roba maimakon taya, irin wadda suke gani a bidiyon YouTube tana juyi a farfajiyar gidajen Amurka.

Injin yana da kyau, ba a musu. Kuskuren shi ne a zaɓe shi saboda sunan kamfani ko yawan ƙarfin doki da aka rubuta a takarda. A aikin wurin ninkaya, abin da ke yanke hukunci shi ne hanyar da injin zai bi, da ƙasar da zai taka, da wanda zai gyara shi ranar da ya tsaya.

Asalin injin ma daga ƙuncin wuri ya fito. A 1957 wasu 'yan'uwa biyu maƙera, Louis da Cyril Keller, suka ƙera wa wani mai kiwon talo-talo a jihar Minnesota ƙaramar na'urar kwashe kashin tsuntsaye, wadda za ta iya juyawa a cikin akurki. Daga nan aka samu Bobcat. Kamfanin Takeuchi na Japan ne ya fito da mai sarƙa a 1986. Tun farko, don ɗiba da kwasa a matsattsen wuri aka yi shi.

Wannan ya kamata mai saye ya riƙe, domin injin ba gwanin tono ba ne. Eskabeta tana tsayawa a bakin rami ta miƙa hannu ƙasa, ta yanke bango a miƙe. Ita kuwa ƙaramar katafilar dole ta shiga ramin da kanta, don haka sai an yi mata gangara ta shiga da fita, gangarar da za a dawo a gyara daga baya. A fili mai faɗi da ƙasa mai taushi za ta iya yin aikin ita kaɗai. A bayan gida mai katanga ta kowane ɓangare, abin da ya fi tafiya shi ne ƙaramar eskabeta ta haƙa, katafilar ta yi jigilar ƙasa zuwa titi.

Jigilar kuwa ita ce mafi yawan aikin. A ɗauki wurin ninkaya mai tsawon mita 10 da faɗin mita 5, zurfinsa a tsaka-tsaki mita 1.5. Da yake sai an bar wurin kankare da bututu, ramin zai kai kamar mita 11 da 6 da 1.8, wato kusan kubik mita 120. Ƙasa idan an tono ta kumbura take yi da kamar kashi ɗaya cikin huɗu, sai ta koma wajen 150. Bokitin irin wannan inji yana ɗaukar kimanin kubik mita 0.4. Ke nan zuwa da dawowa sau 375, kuma tifa 15 in kowace tana cin kubik mita 10.

Sau 375 ta wace hanya? Injunan da aka fi amfani da su a wannan aiki, irin su Bobcat T66 da Kubota SVL75 da Cat 259D3, faɗinsu ya kai kusan mita 1.7, nauyinsu wajen tan 4. Gidaje da yawa a ƙasar nan lungun da ke tsakanin gini da katanga bai kai haka ba, kuma sau da yawa a nan ne aka binne sokawe ko tankin ruwa, aka rufe da silab da ba a yi shi don ɗaukar tan 4 ba. Akwai ƙanana da direba ke tsayawa a baya, irin Bobcat MT100 mai faɗin ƙasa da mita ɗaya, amma bokitinsu ƙarami ne, sawun zai ninka. In ba haka ba sai a fasa katanga, a nemi izinin maƙwabci, a sa kuɗin sake gini cikin lissafi tun kafin a sa hannu a kwangila.

Sarƙar tana da amfani na gaske. Tana shimfiɗa nauyin injin, ta yadda abin da yake danna ƙasa da shi bai kai rubu'in na mai taya ba. A yashi, ko a damina lokacin da taɓo ya cika fili, mai taya zai kafe yana wulwula, mai sarƙa ya wuce. Ɗan kwangilar da ke aiki a Lekki ko a ƙasa mai laka yana da hujjar biyan ƙarin kuɗin.

Amma roba ce. A kan ƙasa mai kyau sarƙar takan yi awa 1,200 zuwa 1,600 tana aiki. A kan tsakuwa mai kaifi da fasasshen dutse da guntun rodi, ba ta kai haka. Abuja kuwa a kan dutse take zaune, duk wanda ya kalli Aso da Zuma ya san abin da ke ƙarƙashin unguwanni irin su Asokoro da Maitama. A Kano da kewaye akwai marmara, wadda da rani take taurin da bokiti mara haƙori sai dai ya kankare samanta. A irin waɗannan wurare, mai saye ya tambayi ko famfon haidirolik na injin zai iya ɗaukar gudumar fasa dutse, sannan ya san farashin sarƙa guda biyu da ƙarafan da suke juya ta kafin ya biya kuɗin injin.

Akwai kuma zancen hannun ɗaga bokiti. Wani hannun lanƙwasa yake yi kamar baka, ya fi ƙarfi wajen tura ƙasa da daidaita ta. Wani kuma a miƙe yake tashi, ya fi kai wa sama. Wanda zai riƙa loda tifa da kansa na biyun ne nasa, domin gefen tifofin da ake amfani da su a Najeriya yana da tsawo. A duba kuma nauyin da aka yarje wa injin ya ɗauka, wanda a masu sarƙa kashi 35 ne cikin 100 na nauyin da zai kifar da shi. Waɗancan ukun suna ɗaukar kusan tan ɗaya, wanda ya ishi bokitin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Inda 'yan kwangila suka fi asara shi ne wajen sayen na hannu daga Amurka ko Turai. Sabon inji a Amurka yakan haura dala 60,000, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 wannan kuɗi ya fi ƙarfin mafi yawan ƙananan kamfanoni. Sai a koma gwanjo. Amma injunan shekarun baya-bayan nan an ƙera su ne bisa dokar hayaƙi ta can, suna buƙatar man dizal mai tsabta ƙwarai, kuma wasu suna da matatar hayaƙi da ke toshewa. Dizal ɗin jarka da ya sha ruwa ko aka gauraya da kananzir zai iya kashe nozul cikin ɗan lokaci. Idan kwamfutar injin ta kulle shi, bakaniken unguwa komai gwanintarsa sai ya jira mai na'urar karanta lambobi. Araha ba ta ado. Caterpillar na da wakili a Najeriya, wato Mantrac. Duk samfurin da mutum zai saya, ya fara gano wa ke sayar da filta da sarƙa a garinsa, da kwana nawa ake jira.

Batun rai ya fi duk wannan. Kubik mita ɗaya na ƙasa ya haura tan ɗaya da rabi, kuma bangon rami ba ya sallama kafin ya rufta. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka tana wajabta a tokare ko a kwantar da bangon ramin da ya kai mita 1.5, a kuma janye tulin ƙasa aƙalla ƙafa biyu daga bakinsa. Injin tan 4 da ke kai-komo a gefen rami alhali leburori na ciki suna ɗaurin rodi haɗari ne, haka ma haƙa dab da harsashin katangar maƙwabci a watan Agusta.

Ɗan kwangilar da ke samun aikin wurin ninkaya uku ko huɗu a shekara bai da dalilin sayen injin. Tonon kowane ɗaya kwanaki kaɗan ne, sauran watannin injin zai zauna yana cin kuɗin gadi da batir. Haya ta fi masa, tare da direban da ya san injin. Saye yana da ma'ana ga wanda ke da sauran aikin da zai ba shi, kamar share fili da cikon harsashi da kwasar ɓaraguzai, kuma yana da motar da za ta kai shi wurin aiki, domin sarƙar roba ba ta tafiyar kilomita a kan kwalta.