Burtali da Hurumi: Abin da Hare-haren Shanono da Tsanyawa Ke Tuna Mana

Tun daga ƙarshen shekarar 2025, da 'yan bindiga suka riƙa tsallakowa daga ɓangaren Katsina suna afka wa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa, kiran da ya fi yawa shi ne a ƙaro sojoji. Ana bukatarsu kam. Sai dai bango ba ya tsagewa rana ɗaya, kuma tsagar da muke tsoro tana cikin gonakinmu.

Arewacin Kano ƙasa ce da ake nomawa kowace damina ba hutu, daji kuwa kusan babu. Abin da ya riƙe ta shi ne wata tsohuwar amana: bayan girbi makiyayi ya sauka a gona, shanu su ci kara da karmami, su bar taki, a yi musayar hatsi da nono. Yanzu kara da harawa sun zama kuɗi, kwashe su ake yi tas. Gado yana ta tsattsaga gonaki, kowa na ɗan turo iyakarsa cikin burtali, noman rani kuma ya kewaye fadamu da mashaya. Makiyayin da ya rasa hanya sai ya bi ta gona. Daga ɓarna sai tara, daga tara sai gaba. A Zamfara irin wannan gabar ce, da satar shanu, da ramuwar 'yan sa-kai a kan wanda ya ji da wanda bai ji ba, suka samar wa daji mayaƙa.

Shari'a ba ta bar wannan babi a buɗe ba. Hadisi ya sanya ruwa da ciyawa da wuta cikin abin da jama'a ke tarayya a kai. Sayyidina Umar ya keɓe makiyaya a Rabza, Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo kuma ya yi bayanin hurumi a littafinsa Ta'alimur Radi. A wajen Malikiyya, ɓarnar dare mai dabba ne zai biya, da rana kuwa mai gona ne zai tsare gonarsa. Saboda haka wanda ya nome burtali ya ci haƙƙin jama'a, ko da yana riƙe da takarda.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙananan hukumomi ikon ba da izinin filin noma da na kiwo a karkara. Dagatai da masu unguwannin da suka san tsofaffin iyakoki suna nan da rai. A fita da su, da ardo, da limamin gari, a kafa alama kafin ruwan shuka.