Sikila Da Ciwon Huhu: Wa Zai Ceci Yaran Yankara?

Jama'a, da zarar hunturu ya kama, hankalin iyayen yara masu amosanin jini, wato sikila, yakan tashi. Dalili kuwa shi ne cutar tana lalata saifar yaro tun yana ƙarami, sai ƙwayoyin cuta su samu kafar kama huhu. Zazzaɓi da tari da numfashi sama-sama kan iya kai shi lahira cikin kwana guda.

Abin takaici, maganin ba ɓoyayye ba ne. Tun 1986 bincike a Amurka ya nuna shan fenisilin kullum yana rage irin wannan kamuwa da kashi 84 cikin 100, kuma a 2014 Nijeriya ta fara allurar riga-kafin nimoniya. To amma uwar da ke Yankara, wadda fargabar 'yan bindiga ke hana ta bin hanyar Funtuwa da dare, ina za ta kai ɗanta?

A ganina, wajibi ne gwamnatin Katsina ta kawo gwajin jarirai da fenisilin kyauta a asibitocin Faskari, Sabuwa da Ƙanƙara. Riga-kafi ya fi magani. Allah Ya sa a ji.