Kyamarar da Ba Ta Ganin Launi

A shekarar 2012 kamfanin Leica na Jamus ya fitar da M Monochrom, kyamarar dijital da ake saita nisanta da hannu, wadda baƙi da fari kawai take ɗauka. Masu suka sun kira ta almubazzaranci, tunda kwamfuta na iya cire launin kowane hoto. Amma farantin da ke karɓar haske a cikinta ba shi da matatar launi, shi ya sa hotonta ke fitowa garau ko da dare. Sai dai inda haske ya yi yawa ya ƙone hoton, ba gyara. Nan darajarta take: dole mai ɗauka ya auna haske da inuwa kafin ya danna. Wanda ya saya don ado kuwa, ya yi asara.