Wa Ya Fara Ƙyasta Ashanar?

A makon jiya na sake karanta Fahrenheit 451, littafin da Ba'amurke Ray Bradbury ya wallafa a 1953, inda aikin 'yan kwana-kwana ya koma ƙona littattafai. Da na ɗauka hukuma kaɗai yake yi wa habaici, ashe ban fahimce shi ba. Shugabansu, Beatty, ya nuna wa Montag cewa jama'a ne suka fara ƙaurace wa karatu, kowane ɓangare yana neman a goge abin da ya sosa masa rai, daga baya doka ta biyo sahu. Nan na tuna littattafan Hausa da aka cinna wa wuta a Kano a 2007. Mu nawa ne muka yi tafi a lokacin, alhali ko bangon ɗaya ba mu buɗe ba?